Akwatin Shiru: Na Mai Magana Ne Ko Na Mai Tunani?

Gabatarwa

Duk wanda ya shiga ɗaya daga cikin manyan ma'aikatun zamani a biranen Turai ko Amurka a 'yan shekarun nan, da wuya ya fita bai ga wani abu mai kama da kabad ɗin tufafi ba, ko dai a jingine da bango, ko kuwa a tsakiyar zauren ma'aikata. Tsayinsa ya ɗan haura mita 2, faɗinsa kimanin mita 1 ne, ƙofarsa ta gilashi ce, a cikinsa kuma akwai kujera da ɗan teburi da fitila da wurin jona kwamfuta. Mutum yakan shiga ya ja ƙofa, sai hayaniyar ofis ta dushe masa, muryarsa ita ma ta dushe wa waɗanda ke waje. Akwai manya da ke ɗaukar mutum 2, ko 4, ko 6. A masana'anta ake ƙera sassansa, a kawo su a harhaɗa cikin 'yan sa'o'i, ranar da aka tashi ƙaura kuma a kwance shi a tafi da shi. Sunan da Turawa suka laƙaba masa yana nufin kwanso, irin na wake ko na gyaɗa. Mu a wannan maƙala za mu kira shi akwatin shiru.

Masu ƙera wannan akwati da masu tallarsa suna cewa zamanin ofis mai bango huɗu da ƙofa ya shuɗe. A ganinsu, babu dalilin da zai sa kamfani ya ɓata kuɗi wajen gina wa ma'aikata ɗakuna, tun da ana iya zuba kowa a zaure ɗaya, wanda ya buƙaci keɓewa ya shiga akwati. Ni kuwa ra'ayina shi ne, akwatin shiru abu ne mai amfani ƙwarai, amma amfaninsa yana wajen killace mai magana domin sauran jama'a su huta. Idan aka ce shi ne zai zama mazaunin mai aikin tunani, to an ɗora masa kayan da ba zai iya ɗauka ba. Dalilan da suka sa na ce haka suna cikin darussan da ɗalibanmu ke koya a aji, wato darasin sauti da darasin numfashi.

Yadda Aka Rushe Bango

Kafin a yi maganar magani, ya kamata a san asalin ciwon. Tara ma'aikata a zaure ɗaya ba sabon abu ba ne. A shekarar 1906 aka kammala ginin ofishin kamfanin Larkin a birnin Buffalo na jihar Niyok, wanda mashahurin mai zanen gini Frank Lloyd Wright ya tsara, inda akawuna ke zaune jere a wani makeken zaure suna amsa wasiƙun masu sayayya. A ƙarshen shekarun 1950, wasu 'yan'uwa biyu a kusa da birnin Hambug na Jamus, Eberhard da Wolfgang Schnelle, suka fito da tsarin warwatsa tebura rukuni-rukuni gwargwadon yadda takardu da magana ke yawo tsakanin ma'aikata, ana raba su da tukwanen furanni da 'yan labulaye. A 1968 kuma kamfanin Herman Miller na Amurka ya fara sayar da guntayen bangaye masu motsi waɗanda Robert Propst ya ƙirƙira. Niyyar Propst ita ce ma'aikaci ya sami sarari da 'yancin tsara wurin aikinsa, amma kamfanoni suka mayar da abin wasu ƙananan kejina masu kama da juna, har shi kansa ya nuna takaicinsa kafin rasuwarsa a shekarar 2000.

Daga baya guntayen bangayen ma aka kawar da su. A 2015 kamfanin Facebook ya buɗe wani gini a Menlo Park ta jihar Kalifoniya, wanda aka tsara domin ma'aikata kimanin 2,800 su zauna a zaure ɗaya. Dalilai biyu ake bayarwa. Na farko, wanda shi ne mai ƙarfi, kuɗin haya ne, domin zaure yana ɗaukar mutane fiye da ɗakuna. Na biyu, wai idan babu bango ma'aikata za su riƙa tattaunawa da juna, dabaru su yawaita.

To amma gani ya kori ji. A 2018 wasu masana biyu daga Jami'ar Harvard, Ethan Bernstein da Stephen Turban, suka wallafa sakamakon binciken da suka yi a manyan kamfanoni biyu na Amurka. Sun rataya wa ma'aikata wata 'yar na'ura mai lura da haɗuwarsu da juna, kafin a rushe bangaye da kuma bayan an rushe. Sai suka tarar magana ta fuska da fuska ta ragu da kimanin kashi 70 cikin 100, aika saƙo ta kwamfuta kuma ya ƙaru. Wato da aka hana mutane bangon gini, sai kowa ya gina nasa a zuci, ya toshe kunne ya sunkuyar da kai. Garin neman ƙiba an samo rama ke nan.

Kunne Ba Shi Da Murfi

Me ya sa maganar wani take hana mutum aiki? Ido yana da murfi, kuma ana iya kau da shi daga abin da ba a son gani. Kunne kuwa a buɗe yake dare da rana, ƙwaƙwalwa kuma ba ta iya ƙin sarrafa maganar da ta shigo mata. Tun a 1976 masana biyu, Colle da Welsh, suka nuna cewa idan aka ba mutane jerin haruffa su riƙe a ka, alhali ana kunna musu wata magana a gefe, sukan fi yin kuskure, ko da an ce su yi watsi da ita, ko da kuma cikin harshen da ba sa ji ake yin ta. Ƙarar fanka ko ta ruwan sama ba ta yin irin wannan ɓarna, domin ita sauti ɗaya ce a miƙe, ba ta hawa da sauka kamar muryar ɗan Adam.

Akwai kuma nau'in maganar da ya fi kowanne ɗauke hankali. A 2010 Lauren Emberson da abokan aikinta a Jami'ar Cornell suka gano cewa jin rabin hira, wato jin mai waya shi kaɗai ba tare da jin wanda yake magana da shi ba, ya fi dagula tunani a kan jin mutum biyu suna hira a gabanka. Dalili shi ne ƙwaƙwalwa ba ta iya hasashen lokacin da maganar za ta sake ɓullowa, saboda haka sai ta zauna cikin jira. Haka nan a 2013 Jungsoo Kim da Richard de Dear na Jami'ar Sidni ta Ostareliya suka nazarci amsoshin ma'aikata fiye da 42,000 daga gine-gine 303, suka tarar babu abin da mazauna buɗaɗɗen zaure suka fi kuka da shi kamar rashin sirrin magana.

Daga wannan kuka ne kasuwar akwatin shiru ta tsiro. Ɗaya daga cikin kamfanonin da suka yi fice a wannan sana'a, Framery, an kafa shi ne a birnin Tampere na ƙasar Finlan a 2010, kuma labarin da kamfanin ke bayarwa shi ne, waɗanda suka kafa shi sun gaji ne da wayar da maigidansu ke yawan yi a tsakiyar ofis. Annobar korona ta 2020 ta ƙara wa kasuwar ƙarfi, domin ta saba wa mutane da yin taro ta bidiyo, da suka koma ofis kuma sai kowane teburi ya zama ɗakin taro. Mai karatu ya lura da asalin abin tun daga nan: saboda mai waya aka ƙera akwatin.

Yadda Akwati Ke Tare Sauti

Sauti girgiza ce da ke tafiya cikin iska da saurin kimanin mita 343 a daƙiƙa ɗaya, idan zafin iskar yana maki 20 a ma'aunin Salshiyos. Idan girgizar ta bugi bango, wani kashi yakan dawo, wani ya narke a cikin bangon ya zama ɗan zafi, wani kuma ya girgiza bangon har ya fita ta ɗaya gefen. Ana auna ƙarfin sauti da desibel, ma'aunin da aka samo sunansa daga Alexander Graham Bell. Hirar yau da kullum tana kaiwa kimanin desibel 60 ga wanda ke tsaye nisan mita 1, raɗa kuwa kimanin 30. Sai dai lissafin desibel ba irin na mudu ba ne. Duk ƙarin desibel 10 yana nufin ƙarfin sautin ya ninka sau 10, ko da yake a kunne sai a ji kamar ya ninka sau 2 ne kawai. Saboda haka rage desibel 30 yana nufin kashi 1 cikin 1,000 na ƙarfin sautin ne kaɗai ya tsira.

A nan akwai ayyuka biyu da jama'a kan gauraya, alhali kowanne daban yake. Na farko shi ne shanye sauti. Wallace Sabine, wani matashin malamin fiziya a Harvard, shi ya aza harsashin wannan ilmi tun daga 1895, lokacin da aka ɗora masa gyaran wani ɗakin lacca da amsa-kuwwa ta hana a ji malami. Ya yi ta jigilar matasan kujeru cikin dare yana auna tsawon lokacin da sauti ke ɗauka kafin ya mutu, har ya gano dangantakar da ke tsakanin girman ɗaki da yawan kayan laushin da ke cikinsa. Soso da darduma da labule suna kashe amsa-kuwwa a cikin ɗaki, amma ba sa hana sauti fita. Wanda ya liƙa soso ko kwalin ƙwai a bango yana zaton ya ɓoye sirrinsa daga maƙwabci, ya yi aikin banza.

Aiki na biyu shi ne tare sauti, wannan kuwa nauyi yake buƙata. Ƙa'idar da injiniyoyi ke aiki da ita ta ce, duk lokacin da aka ninka nauyin bango, sautin da ke ratsa shi yakan ragu da kimanin desibel 6. Wannan ne ya sa mazaunin soron ƙasa mai kaurin bango ba ya jin hirar maƙwabcinsa, mai dangar zana kuwa har tarin na waje yana ji. To ga matsalar mai ƙera akwati: ana son bango mai nauyi, kuma ana son abin da za a iya turawa daga wuri zuwa wuri. Dabarar da ake yi ita ce jera kaya iri-iri, fallen ƙarfe da katako da kayan laushi, a bar sarari a tsakani, gilashin kuma a yi shi falle biyu da siririyar roba a tsakiya. Duk da haka akwatin mutum ɗaya yakan kai kilo 200, wani ma ya haura 300.

Amma babban maƙiyin shiru shi ne kafa. Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, sauti ma haka yake. Lissafin mai sauƙi ne. Idan kafofin da ke jikin akwati sun kai kashi 1 cikin 100 na faɗin jikinsa, to kashi 1 cikin 100 na sautin zai fice ba tare da ya gamu da komai ba, ke nan ko da dutse aka gina sauran, ragin ba zai wuce desibel 20 ba. Kafin a sami ragin desibel 30, dole ne kafofin su gaza kashi 1 cikin 1,000. Shi ya sa ake zagaye bakin ƙofar akwati da roba kamar ƙofar firji, kuma ranar da robar ta saki, darajar akwatin ta faɗi.

Domin hana masu talla faɗin abin da suka ga dama, Hukumar Daidaita Ma'aunai ta Duniya ta fitar da ƙa'ida mai lamba ISO 23351-1 a shekarar 2020. Ana sa lasifika a cikin akwati a matsayin bakin mai magana, a auna yawan maganar da ta fita waje. Akwatin da ya rage fiye da desibel 30 yana aji A, wanda ya rage fiye da 25 yana aji B, haka har zuwa aji D. Abubuwa biyu ne abin lura a nan. Na farko, babu akwatin da ke kashe sauti ƙurmus. Abin da yake yi shi ne ya rage magana har ta nutse a cikin 'yar hayaniyar da ke zauren, don haka a wurin da ya yi tsit, wanda ke kusa da ƙofa yana iya tsintar kalmomi. Na biyu, ita ƙa'idar da kanta maganar da ke fita daga ciki take aunawa.

Gaba Kura, Baya Sayaki

Mun ga cewa shiru yana buƙatar a toshe kowace kafa. Amma mutumin da ke ciki numfashi yake yi, numfashi kuwa kafa yake buƙata. Bari mu yi lissafin tare, domin kowane ɗalibin sakandare zai iya bin sa.

A ɗauka cikin akwati mita 1 ne a faɗi, mita 1 a zurfi, mita 2 a tsayi. Iskar da ke ciki lita 2,000 ke nan. Baligi da ke zaune yana fitar da kimanin kashi 3 cikin 10 na lita ɗaya na iskar kabon dayokzaid a kowane minti. Idan aka raba wannan da lita 2,000, za a ga iskar tana ƙaruwa da kashi 150 cikin miliyan duk minti. Iskar waje a wannan zamani tana ɗauke da kimanin kashi 420 cikin miliyan, ta cikin ofis kuma a ce 600. Tun a 1858 masanin tsafta na Jamus, Max von Pettenkofer, ya ba da shawarar kada ta cikin ɗaki ta wuce 1,000, kuma har yanzu ana amfani da wannan adadi a matsayin alamar ko ɗaki yana samun isasshiyar iska. To a akwatin da aka toshe ruf, kafin minti 3 an ƙetare wannan iyaka, a minti 10 kuma an haura 2,000. Wannan adadi ba ya kisa, amma alama ce ta iskar da ta tsufa, irin wadda ke zuwa tare da nauyin kai da kasala.

Akwai kuma zafi. Jikin mutum a zaune yana fitar da zafin da ya kai kimanin wat 100, kwatankwacin tsohon ƙwan lantarki mai haske sosai, ga na kwamfuta a kai. A cikin ɗan wurin da aka lulluɓe da kayan laushi, wannan zafi ba ya samun hanyar fita da sauri.

Saboda haka kowane akwatin kirki yana da fanka mai jawo iska daga zaure ta fitar da ta ciki. Da irin lissafin da muka yi, ana buƙatar sabuwar iska wajen lita 12 da rabi a kowace daƙiƙa kafin a riƙe ta ciki a ƙasa da 1,000. Hanyar iskar kuma dole a yi ta a karkace, a shimfiɗe ta da kayan shanye sauti, domin iska ta wuce amma murya ta gaji a hanya. Idan aka ƙara wa fanka ƙarfi sai ta yi ƙara, idan aka faɗaɗa hanya sai magana ta zurare. Gwanintar mai ƙera akwati duk tana wajen sasanta waɗannan biyu, kuma sulhu ne yake yi, ba nasara ba.

Ƙanƙantar wurin tana da wani haɗarin. Duk abin da katako ko gam ko fenti ya fitar, a cikin 'yar iskar nan yake taruwa. A watan Oktoba na 2019 kamfanin WeWork, mai ba da hayar wuraren aiki, ya janye akwatunan waya kimanin 1,600 a Amurka da Kanada, ya kuma ware wasu 700 domin bincike, saboda fargabar yawan sinadarin fomaldihaid a cikinsu. Wannan sinadari, wanda ake samu a gam ɗin wasu katakai, hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin masu jawo ciwon daji tun 2004. Araha ba ta ado, musamman a kan abin da mutum zai shaƙa.

Wa Ya Kamata Ya Shiga?

Injiniyoyin sauti suna da tsarin da suke bi wajen yaƙi da hayaniya: a fara da tushen ƙarar, in ya gagara a tare ta a hanya, sai in duka sun faskara a koma kan kunnen mai ji. Kowa ya san haka a aikace. Mai janareta ɗaki yake gina wa janaretan, ba ya kwashe iyalinsa ya kulle su a akwati ya bar injin yana ruri a tsakar gida.

A ofis, mai waya da mai taron bidiyo su ne janareta. Idan mutum ɗaya ya shiga akwati ya yi wayarsa ta minti 15, duk waɗanda ke kewaye da shi sun sami sauƙi, shi ma ya sami sirri, kuma ya fito kafin iska da zafi su dame shi. Idan kuwa mai tunani ne ya gudu ciki, mutum ɗaya ne ya tsira, sauran suna nan cikin hayaniya, shi ma tsirar ta ɗan lokaci ce. Dubi lissafi: ma'aikata 40, akwati 2, aikin sa'a 8. Idan aka raba daidai, kowa zai sami minti 24 a yini. Minti 24 ya ishi waya. Bai ishi mai rubuta rahoto, ko mai binciken lissafin kuɗi, ko mai tsara manhajar kwamfuta ba, domin irin wannan aiki sai an daɗe a cikinsa kafin hankali ya tattaru, kuma da wuya ya tattaru alhali wani yana tsaye bakin gilashi yana duban agogo.

Bugu da ƙari, ofis ya ƙunshi abubuwan da suka wuce shiru. Wuri ne da mutum zai baza takardunsa, ya tafi sallah ko cin abinci, ya dawo ya tarar da su yadda ya bar su. Wuri ne da ake karɓar wanda ya zo da damuwa. Likita da lauya da jami'in kula da ma'aikata da malamin da ke ba ɗalibi shawara duk suna buƙatar ƙofar da ke ɓoye fuska, akwati kuwa gilashi ne, kowa yana ganin wanda ya shiga da yanayin da ya fito. Mai keken guragu ma ba ya iya shiga akwatin mutum ɗaya.

Adalci ya sa a faɗi hujjar ɗaya ɓangaren, domin tana da nauyi. Yawancin ma'aikata ba su taɓa mallakar ofis ba, manya ne ke da ƙofa. Ga ƙaramin akawu, akwatin shiru shi ne karo na farko da ya sami wurin da zai kira asibiti ya tambayi jikin ɗansa ba tare da dukan zaure ya ji ba. Haka kuma gina ɗaki a gidan haya yana buƙatar izinin mai gida da ma'aikatan gini da sabon aikin wuta, ranar tashi kuma a bar shi a nan, alhali akwati bin mai shi yake yi. Tun daga 2020 da aiki daga gida ya yawaita, ofisoshi da dama sukan wuni a kulle ba kowa, wannan kuwa asara ce. Duk na yarda da waɗannan. Da babu gara ba daɗi. Abin da nake tsoro shi ne akwati ya zama hujjar da shugabanni za su fake da ita su ƙara cunkusa mutane, duk wanda ya yi kuka a nuna masa akwati biyu a lungu a ce an gama da matsalarsa.

Abin Da Ya Shafe Mu

Duk ma'aikatar da ke tunanin sayen wannan akwati a garuruwa masu zafi irin su Kano ko Yamai, inda zafin bazara kan kai maki 40, ya kamata ta san cewa fankar akwati ba ta sanyaya iska. Iskar zauren take jawowa yadda ta same ta, kuma da an ɗauke wuta ta tsaya, lissafin nan na minti 3 ya fara aiki. Mai saye ya tambayi ajin akwatin a ƙa'idar da muka ambata, ya tambayi lita nawa na iska fankar ke shigarwa a daƙiƙa, ya nemi shaidar gwajin sinadaran kayan da aka yi shi da su. Ya kuma kwatanta kuɗinsa da na bangon bulo da ƙofar katako mai kauri, domin a inda ginin na ma'aikata ne ba haya ba, ƙa'idar nauyi tana bayan magini.

Makarantunmu ma suna da nasu buɗaɗɗen zauren, wato ɗakin malamai, inda mai duba takardun jarrabawa da mai amsa waya da masu muhawarar ƙwallo ke zaune wuri ɗaya. Darasin akwatin shiru yana aiki a nan ba tare da an kashe ko kwabo ba: mai magana shi ke tashi ya fita, mai aiki shi ke zama.

Ga malaman kimiyya kuwa, ga gwajin da za a iya yi a aji. A sa waya tana ƙara, a auna ƙarfin sautin da wata wayar mai manhajar auna desibel daga nisan mita 1. Sai a sa ta cikin kwali a rufe a auna, a shimfiɗa soso a kwalin a sake aunawa, a mayar da ita cikin tukunyar ƙarfe mai nauyi, a kan ɗan tsumma, a rufe da murfi a auna, daga ƙarshe a ɗan ɗaga murfin da tsinken ashana a auna. Ɗalibai su rubuta adadin kowane mataki, su faɗi da kansu wanne ya fi tasiri tsakanin laushi da nauyi da kafa.

Kammalawa

Ma'aikatar da ta san abin da take yi za ta raba aiki gwargwadon buƙatarsa. Masu waya da gajeren taro a ba su akwati, a ajiye shi kusa da su domin kada nisa ya hana su tashi. Masu aikin da ke buƙatar dogon nazari a ware musu ɗakin da aka haramta magana a cikinsa, kamar ɗakin karatu. Waɗanda amanar mutane ke hannunsu kuma a bar musu bango da ƙofa. Ɗaliban da ke karanta wannan mujalla a yau, a cikinsu ne za a sami masu zanen gini da injiniyoyi da shugabannin ma'aikatu na gobe. Ranar da ɗan kasuwa ya zo muku da hoton akwati mai sheƙi ya ce ya kawo muku ofishin zamani, ku tambaye shi desibel nawa, lita nawa, da kuma minti nawa kowane ma'aikaci zai samu a ciki.